Kumburin Jijiyoyin Maraina: Kafin a Ɗora wa Mace Laifi

Maganar yau ta manya ce, kuma zan ambaci wasu sassan jiki da sunansu, don haka ina neman afuwa tun daga farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san yadda lamarin yake tafiya. An yi aure, shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, amarya ba ta ko yi ɓatan wata ba. Sai a fara ƙus-ƙus. Uwar miji ta aiko da jiƙo, gwaggo ta kawo rubutu, ƙawa ta ba da lambar wata mai magani. Daga nan sai asibiti: a yi wa matar sikanin, a ɗebi jininta, a yi mata hoton mahaifa mai ciwo, a ba ta ƙwayoyin da za su sa ta saki ƙwai. In abin ya ƙi, sai a ce wa maigida ya ƙara aure. A duk tsawon wannan wahala, sau da yawa babu wanda ya ce masa: Malam, kai ma zo a duba ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da likitoci ke kira rashin haihuwa shi ne ma'aurata su shekara suna tare, ba sa yin tsarin iyali, amma ciki bai shiga ba. Kuma binciken masana ya daɗe da nuna cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje, akwai matsala daga wajen mijin, ko dai shi kaɗai ko shi da matar. Rabi fa, jama'a! Amma je ka layin asibitin haihuwa ka ƙirga maza nawa ne a zaune.

Abubuwa biyu ne suke rufe wa maza ido. Na farko, mutum ya ce ai ni lafiyata ƙalau, ina biya wa iyalina buƙata. Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Ruwan maniyyi yana iya fita yadda ya saba, a ido babu abin da ya canza, alhali ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa sun yi ƙaranci, ko ba sa iya motsi, ko babu su ma gaba ɗaya. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin ɗakin gwaji. Na biyu, mutum ya ce ai na taɓa haihuwa, ga ɗana nan ya shiga sakandare. Wanda ya haihu shekara 12 da suka wuce ba lalle ne yau jikinsa yana nan yadda yake ba. Kuma larurar da nake son mu tattauna a kanta tana cikin manyan dalilan da suke sa mai haihuwa ya daina.

Likitoci suna kiranta barikosil, wato kumburin jijiyoyin jinin da ke cikin jakar maraina. Ga yadda abin yake. Jini yana sauka zuwa 'ya'yan maraina ta wata jijiya, ya gama aikinsa, sannan ya koma sama ta wasu ƙananan jijiyoyi masu yawa da suka sarƙe da juna. A cikin jijiyoyin komawar akwai 'yan ƙofofi da suke barin jini ya hau, su hana shi dawowa. Idan ƙofofin nan suka yi rauni, sai jinin ya riƙa gangarowa baya yana taruwa, jijiyoyin su buɗe, su murɗe, su yi kauri. Kusan 9 cikin 10 na masu wannan larura a ɓangaren hagu take kama su, kuma akwai dalili: jijiyar hagu ta fi ta dama tsawo, sannan tana zuwa ta haɗu da jijiyar ƙodar hagu ne a miƙe, inda jini yake samun turjiya, ita kuwa ta dama kai tsaye take zuba a babbar jijiyar ciki.

To mene ne haɗin wannan da haihuwa? Zafi. Allah da ya halicci namiji ya ajiye maraina a wajen ciki domin ƙwayoyin haihuwa ba sa samuwa da kyau sai wurin ya fi sauran jiki sanyi da kamar digiri 2 zuwa 3. Waɗannan jijiyoyin da suka sarƙe suna cikin abin da ke sanyaya jinin da ke shigowa. Idan jini mai ɗumi ya kwanta a cikinsu, wurin ya yi zafi, sai yawan ƙwayoyin ya ragu, motsinsu ya yi rauni, siffarsu ta lalace. Da tafiya ta yi tafiya, ɗan marainan ɓangaren da abin ya shafa yakan yi laushi ya ƙanƙance. Shi ya sa mutum yake iya haihuwa yana ɗan shekara 25, ya kasa yana ɗan 38.

Larurar tana da yawa ƙwarai. Kusan namiji 15 cikin 100 yana da ita. A cikin mazan da suka je asibiti don ba su taɓa haihuwa ba, ana samunta a jikin kamar 35 zuwa 40 cikin 100, a cikin waɗanda suka taɓa haihuwa suka tsaya kuwa adadin ya fi haka. Amma ku riƙe wannan da kyau, domin kada hankalin kowa ya tashi a banza: mafi yawan masu barikosil suna haihuwa lafiya lau, wasunsu har su tsufa ba su san suna da ita ba. Samunta a jikin mutum bai isa ya sa a kai shi ɗakin tiyata ba.

Kada kuma a haɗa ta da gwaiwa ko ƙaba. Gwaiwar ruwa, ruwa ne yake taruwa ya kewaye ɗan maraina, wurin ya yi sumul ya cika. Ƙaba kuwa hanji ne yake zurarowa ta wata kafa a mara. Ita barikosil, in ka taɓa saman ɗan marainan kana tsaye, sai ka ji abu mai laushi a cukurkuɗe, likitoci kan ce kamar tana a cikin jaka. In ka kwanta sai ya lafa. Wasu suna jin nauyi ko wani ciwo mai ja, wanda yake ƙaruwa da yamma bayan doguwar tsayuwa ko ɗaukar kaya, kamar yadda 'yan dako da masu tsayuwa a kasuwa da malaman makaranta suke kokawa. Da yawa kuwa ba sa jin komai.

Gano ta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Likita zai sa mutum ya tsaya, ya duba da ido, ya taɓa da hannu, sannan ya ce masa ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri. Tun shekarar 1970 wasu likitoci biyu na Amurka, Dubin da Amelar, suka kasa ta mataki uku, kuma har yau da shi ake aiki. Mataki na 1, ba a jin ta sai an yi yunƙurin. Mataki na 2, hannu yana jin ta ba tare da yunƙuri ba. Mataki na 3, daga nesa ma ido yana ganin jijiyoyin ta cikin fata. Akwai kuma wadda hannu ba ya ji sam, sai sikanin ne kawai yake nuna ta. Wannan ta ƙarshe ku ajiye ta a ranku, za mu dawo kanta.

Sai gwajin maniyyi, wanda nan ne maza da yawa suke juyawa su koma gida. Na san akwai kunya, kuma na san akwai masu damuwa ta fuskar addini game da yadda za a samar da abin gwajin. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tana da mafita. A faɗa wa likita a fili. Ana iya samarwa tare da iyali, akwai ma kwaroron roba na musamman da aka yi domin wannan aiki, don na kanti yana kashe ƙwayoyin, bai dace ba. Ana son mutum ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin, a zuba a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a kai cikin awa ɗaya, a riƙe ta kusa da jiki don kada ta yi sanyi ko rana ta buge ta. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwaya miliyan 16 cikin kowace mililita, kuma kashi 42 cikin 100 su kasance masu motsi. In gwaji ɗaya ya fito ba daɗi, ba a yanke hukunci da shi, ana maimaitawa. Zazzaɓin maleriya mai zafi kaɗai yana iya rage ƙwayoyin na wasu makonni.

Yanzu mu zo kan tiyatar. Likitoci sun san wannan kumburi tun zamanin Rumawa, amma domin ciwo suke yi masa aiki. Wanda ya ja hankalin duniya zuwa ga haihuwa shi ne wani likitan fiɗa na birnin Edinbara a Birtaniya, mai suna Selby Tulloch. A 1952 ya ba da labarin wani mutum da aka gwada maniyyinsa ba a sami ƙwaya ko ɗaya ba. Ya ɗaure masa jijiyoyin da suka kumbura, bayan wani lokaci ƙwayoyin suka bayyana, matarsa ta sami ciki. Daga nan aikin ya bazu, har ya zama tiyatar da aka fi yi wa maza domin neman haihuwa.

Amma yaɗuwar abu ba ita ce hujjarsa ba, kuma likitoci sun yi shekaru suna jayayya. A 2003 wasu masana biyu, Evers da Collins, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka buga a mujallar Lancet cewa ba su ga shaidar da ta nuna tiyatar tana ƙara samun ciki ba. Maganar ta girgiza fagen. Sai masu suka suka nuna cewa a cikin mutanen da aka ƙirga akwai waɗanda maniyyinsu lafiya yake tun asali, akwai kuma masu irin kumburin nan da sikanin kaɗai ke gani. Wanda ba shi da matsala, ina gyaran da za a gani a jikinsa?

Wani bincike da ya taimaka wajen warware zaren a Jidda aka yi shi, a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, aka buga shi a 2011 ƙarƙashin jagorancin Dakta Taha Abdel-Meguid. Sun ɗauki maza 145 da suka shekara ba haihuwa, masu kumburin da hannu yake ji, kuma gwaji ya nuna rauni a maniyyinsu. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu tiyata, rabi aka zuba musu ido. Cikin shekara ɗaya, kusan 33 cikin 100 na matan waɗanda aka yi wa aiki sun sami ciki, a ɗaya gidan kuwa kusan 14 cikin 100.

Ina so mu kalli alƙaluman nan ta fuska biyu. Sun nuna tiyatar ta ninka damar samun ciki fiye da sau biyu, wannan babban abu ne ga gidan da ya yi shekaru yana jira. Sun kuma nuna cewa biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin, shekara ta cika ba su samu ba. Duk likitan da ya ce maka da zarar an yi, haihuwa ta tabbata, ya faɗi abin da ba ya hannunsa. Abin da aka fi samu shi ne, kamar 6 zuwa 7 cikin mutum 10 gwajin maniyyinsu yana gyaruwa bayan aikin. Gyaruwar gwaji mataki ne, ciki kuma na Allah ne.

Saboda haka ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Turai da Amurka suka tsaya a kan sharuɗɗa. A yi tiyata idan ma'aurata suna neman haihuwa ba su samu ba, kuma kumburin hannu yana jin sa, kuma gwajin maniyyi ya nuna rauni, sannan an duba matar an ga lafiyarta ƙalau ko matsalarta mai gyaruwa ce. Wanda sikanin kawai ya nuna masa, ba a ba da shawarar a yanka shi. Ina nanata wannan domin yanzu wuraren sikanin sun yawaita a garuruwanmu, kuma mutumin da ya matsu da son ɗa, in aka nuna masa takarda aka ce ga matsalarka, gona ma zai sayar. Ni a ganina, duk wanda aka ce za a yi masa wannan aiki ba tare da an tsayar da shi an taɓa da hannu ba, ba tare da gwajin maniyyi ba, ba a kuma tambayi lafiyar matarsa ba, ya nemi ganin wani likitan kafin ya sa hannu a takarda.

Shi aikin kansa, manufarsa ɗaya ce: a ɗaure jijiyoyin da suke dawo da jini baya, a bar jinin ya bi wasu hanyoyin masu lafiya. Ba a cire ɗan maraina, ba a taɓa mazakuta, ba a kuma yanke bututun da maniyyi yake bi. Na faɗi haka ne saboda tsoron da ya fi yawa a zukatan maza shi ne kada a mayar da su ba maza ba. Tiyatar ba ta rage ƙarfin namiji, a wasu mutanen ma sinadarin mazantaka na jikinsu ƙaruwa yake yi bayanta.

Hanyoyin yinta sun bambanta. Akwai tsohuwar hanyar da likita Palomo na ƙasar Gwatamala ya bayyana a 1949, inda ake shiga ta saman mara a ɗaure jijiyar daga can sama. Akwai ta matsematsi. Akwai wadda ake huda ciki a zura kyamara. Akwai kuma wadda ba yanka, ƙwararren likitan hoto ya zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta wuya, ya toshe jijiyar da ta lalace daga ciki. Wadda ta fi samun yabo ita ce ta madubin tiyata mai ƙara girman abu, wadda likitoci irin su Joel Marmar da Marc Goldstein na Amurka suka inganta daga 1985 zuwa farkon shekarun 1990. Ana yin 'yar tsaga ta kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙasan matsematsi, a fito da igiyar da ke riƙe da ɗan maraina, likita ya bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Amfanin madubin shi ne yana bambance masa abu uku da suke kwance tare: jijiyar da za a ɗaure, jijiyar da ke kawo jini wadda faɗinta kamar milimita ɗaya ne kawai, da 'yan hanyoyin ruwan jiki da ido ba ya gani sosai. In aka ɗaure hanyoyin ruwan bisa kuskure, gwaiwar ruwa ce take biyo baya. In aka ɗaure mai kawo jini, ɗan marainan yana iya shanyewa, ko da yake wannan ba kasafai yake faruwa ba. Da madubi, dawowar kumburin da samun gwaiwa duk ba su wuce kamar 1 cikin 100 ba. A tsohuwar hanyar saman mara, kumburin yakan dawo wa fiye da mutum 10 cikin 100.

Ba kowane asibiti ne yake da wannan madubi ba, kuma ba ina cewa wanda bai same shi ba ya haƙura ba. Likitoci da yawa suna aiki da tabarau mai ƙara girma, suna kuma samun sakamako mai kyau. Abin da nake so shi ne mara lafiya ya buɗe baki ya yi tambaya cikin ladabi: Likita, wace hanya za ka bi? Kana yawan yin wannan aikin? Me zan sa ido a kai in na koma gida? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya kamata a nema shi ne likitan mafitsara da al'aurar maza, kuma akwai su a manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos, haka kuma a manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram.

Galibi ranar da aka yi aikin ko washegari ake sallamar mutum. Bayan 'yan kwanaki ya koma ƙaramin aiki, ɗaukar kaya mai nauyi da kusantar iyali kuwa sai lokacin da likita ya ɗiba masa, yawanci mako biyu ko kusa da haka. Sai haƙuri. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kamar kwana 74 kafin ta kammala samuwa, don haka ba a maimaita gwaji sai bayan wata 3, a sake a wata na 6. Wanda ya koma gwaji bayan mako uku ya ga babu canji, tsofaffin ƙwayoyi ya gwada.

Wannan jira shi ya sa shekarun matar suke shiga lissafi. In tana da shekara 24, akwai sararin a yi aiki a saurara. In ta haura 35, ko an riga an ga ƙwanta ya yi ƙaranci, likita yana iya ba da shawarar a tafi kai tsaye zuwa dashen ciki, wanda ake kira IVF, ko a haɗa biyun. Ku duba irin asarar da jinkirin maigida yake jawowa: shekarun da aka ɓata ana yawo da ita gidajen magani, su ne shekarun da ƙwanta ya fi ƙarfi, kuma ba sa dawowa. Ga baƙar magana da ta sha, ga sunan juya da aka liƙa mata, wata ma har an sake ta. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma ban ji inda aka ce hukuncin na mata ne kaɗai ba.

Sai gargaɗi game da magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu da lasifika a tasha da kasuwa, yanzu kuma a Facebook da TikTok. Babu jiƙo ko ƙwaya da aka tabbatar tana mayar da jijiyar da ta buɗe yadda take. Mafi haɗari ita ce allurar sinadarin mazantaka, testosteron, da wasu ke karɓa a kemis don su ji ƙarfi. Idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarnin aiki, samar da ƙwayoyin haihuwa ya ragu, a wasu ya tsaya cak. Mai neman ɗa da yake wannan allura yana toshe wa kansa hanya ne, kuma wajibi ne ya gaya wa likita in ya taɓa yi. Haka nan ya ambaci in ya taɓa yin hangum bayan balaga, ko ciwon sanyi, ko tsargiya, ko an taɓa yi masa aikin ƙaba, domin barikosil ɗaya ce kawai daga cikin dalilan rashin haihuwar maza, kuma tana iya zama tare da wani dalilin.

Iyaye maza, abin yakan fara ne a shekarun balaga. Yaron da ya ce yana jin nauyi a maraina, ko aka lura ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta sosai, a kai shi a duba, kada a ce ƙuruciya ce. Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba, da yawa bibiyarsu kawai ake yi ana aunawa. Dattijo kuma da kumburin ya fito masa kwatsam, ko ya fito a dama kaɗai, ko ya kwanta bai lafa ba, wannan ya hanzarta zuwa asibiti a yi masa hoton ciki, domin wani lokaci ƙari ne a ƙoda yake danne jijiyar.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba.